Mai Ɗaukar Hoton Cikin Jiki: Sana'ar Awon Lokaci

Idan likita a asibitin Maamobi da ke Ghana ya taɓa ƙullutu a maman mace, ko ya ga fitsarin dattijo ya ƙi daidaita, yakan rubuta takarda ya tura mara lafiya gaba. Sau da yawa tafiyar a Korle Bu take ƙarewa, asibitin koyarwar da aka buɗe a 1923, inda cibiyar ƙasa ta gashin ciwon daji ke aiki tun 1997. A can, kafin a yanke shawarar magani, sai an bi ta hannun ma'aikacin da mutanen Zango ke kira mai ɗaukar hoto.

Sana'ar ba ta gado ba ce. Ana karanta ta a Jami'ar Ghana har zuwa digiri, sannan a karɓi lasisi. Masu kula da lafiyar injinan da awon tururinsu kuma akan horar da su a Kwabenya, harabar hukumar makamashin nukiliya ta Ghana. Amma abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin mintuna nawa hoto yake bukata, da mintuna nawa mara lafiya zai iya jurewa.

A hoton ƙashi abin ya fi fitowa fili. Ana yin sa don a ga ko sankarar mama ko ta mafitsarar maza ta yaɗu. Ana yi wa mutum allurar sinadarin teknishiyam, ya jira awa 2 zuwa 3 yana shan ruwa, sannan ya kwanta ƙarƙashin kyamarar gama. Kyamarar ba ta harba komai. Ƙirga ƙwayoyin tururin da ke fitowa daga jiki take yi, ɗaya bayan ɗaya. Kamar yayyafi ne a tsakar gida: ɗigon farko a warwatse yake, sai an jima kafin a gane inda ruwa ke taruwa. Idan aka katse da wuri, hoton zai fito dishi-dishi, ƙaramin tabo ya ɓuya, ko a ga tabo inda babu.

Lissafin yana da tsada. Kafin a rage dishin da rabi, sai an ninka lokacin sau huɗu: hoton minti 5 ya koma na minti 20. Ƙarfin sinadarin kuma yana raguwa da rabi duk bayan awa 6, don haka wanda cunkoson motoci ya riƙe a mahaɗar titunan Circle ya tarar da allurarsa ta rage kaifi. Ƙara yawan allura ba mafita ba ce, domin tururin jikin mutum yake shiga.

To, me zai hana a tsawaita kawai? Ɗan Adam ba gungume ba ne. Wanda ciwo ya ci ƙashin bayansa ba zai yi minti 40 a miƙe bai motsa ba. Tari ɗaya ko gyara kwanciya na iya shafe abin da aka tara. Haka abin yake a injin MRI, inda ake shafe minti 20 zuwa 45 cikin rami mai ƙara, kuma motsi kaɗan kan ninka gefen ƙari ya zama biyu. Injin CT shi da daƙiƙu yake gamawa, shi ya sa ake cewa a riƙe numfashi, don huhu da hanta su tsaya cak. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne, domin da hoton ake tantance matakin ciwo, da matakin kuma ake zaɓar tiyata, gashi ko ƙarin ruwan magani.

Saboda haka rabin aikin da baki ake yin sa. Tsohuwar da ta taso daga unguwar Nima, wadda Hausa ta fi zama a bakinta fiye da Turanci ko Twi, tana bukatar wanda zai ce mata: "Mma, ki zaga tukuna, ki cire 'yan kunne da zobe. Idan kin kwanta, kada ki motsa sai na ce miki an gama." Gwani yakan sa matashi ƙarƙashin gwiwa, ya rufa mata jiki yadda ba za ta takura ba, ya tambaya ko ta sha maganin zafi, ya kuma faɗa mata tsawon lokacin tun farko. Wanda ya tsallake wannan don layi ya yi tsawo, shi zai sake hoton daga farko. Sauri ya haifi nawa.

Ga aiki nan ga 'ya'yan Zango masu karatun kimiyya. Ɗakin hoto na bukatar wanda ya san lissafin injin, ya kuma iya kwantar wa Alhaji hankali da harshen da yake ji. Masu rakiya su ma da nasu kason: su iso kan lokaci, su fassara bayanin yadda aka faɗa, su kuma sanar da ma'aikaci idan mara lafiyarsu ba ya iya doguwar kwanciya, don a tsara hoton daidai ƙarfinsa.