Tsohon babur ba ya saurin mutuwa a Isa

A Isa da Sabon Birni, babur ɗin da ya yi hatsari ba ya saurin faɗawa hannun 'yan gwangwan. Akwai matasa masu sha'awar tayar da shi: su sayi mataccen Jincheng ko Boxer, su sauya fistin da ringi, su wanke kabureta, sauran kayan kuma sai ranar kasuwa. Tun faɗuwar darajar naira a 2023, sabo ya fi ƙarfin talaka.

Sai dai a yankin da 'yan bindiga ke kai hari bisa babura, mashin ɗin da aka harhaɗa babu rasit na iya jawo wa mai shi tuhuma a shingen jami'an tsaro. Shi ya sa mai wayo ke tambayar takardu kafin ya taya.