Me ya sa manoman inabi a Faransa ke kunna wuta a gona da tsakar dare?

Idan ka taɓa ganin hoton gonar inabi a yankin Shabli na Faransa cike da wuta jere-jere cikin dare, to ba biki ake yi ba. Manomi ne ke ƙoƙarin ceton amfanin shekararsa.

Kurangar inabi barci take yi duk tsawon hunturu, lokacin da mai gona ke datse rassanta. A watan Afrilu take yin toho, kuma daga wannan ɗanyen tohon ne 'ya'yan da za a tsinka a Satumba za su fito. Sanyin digiri 2 ƙasa da sifili na iya kashe shi a dare ɗaya.

Daren da ake tsoro shi ne wanda sama ta yi tas, ba gajimare, ba iska. Ƙasa tana sakin zafin da ta sha da rana, iska mai sanyi kuma, da yake ta fi nauyi, sai ta gangara ta kwanta a kwari. Nan ne ake jera ɗaruruwan gwangwanayen kyandir a kowace hekta, kuma kuɗinsu ba wasa ba ne ga ƙaramin manomi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce fesa ruwa. Ruwa yana sakin zafi yayin da yake daskarewa, don haka tohon da ƙanƙara ta lulluɓe yana tsayawa kusa da sifili, muddin ba a daina fesawa ba.

A 2021, ɗumin Maris ya fito da toho da wuri, sanyin farkon Afrilu ya yi mummunar ɓarna. Shi ya sa wasu manoman ke jinkirta datse rassa, don tohon ya makara.