Gwanin Likita da Bai Iya Gaisuwa Ba

Daga 2004 zuwa 2022 tashar ITV ta Birtaniya ta nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango, Doc Martin, mai cike da ban dariya. Dominic Minghella ne ya ƙirƙiro shi, Martin Clunes kuma ya fito a matsayin Dakta Martin Ellingham, gwanin tiyatar jijiyoyin jini a Landan, wanda rana tsaka ganin jini ya fara tayar masa da zuciya. Dole ya ajiye wuƙar fiɗa, ya koma duba marasa lafiya a Portwenn, wani ƙauyen masunta a bakin teku. Sunan ƙauyen ƙirƙirarre ne; a Port Isaac da ke Cornwall aka ɗauki wasan, har zango 10.

Mutumin ya san aikinsa, amma bakinsa ba linzami. Kullum fuska a murtuke, kullum cikin kwat. Ka ɗauko masa bayani tun daga tushe, ya katse ka. Ka tsaya hira, ya nuna maka ƙofa. Mutanen gari kuwa sun mai da ɗakin jira dandali, suna ɓoye ciwo, suna yi wa kansu magani. Ga Louisa, malamar firamare da ta daure ta aure shi, ga Misis Tishell mai kantin magani da sonsa ya kusa zautar da ita.

Bahaushe zai yi dariya, amma da sauran magana. A wurinmu shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a ɗakin likita wannan ya wuce ladabi kawai. Dattijuwar da ɗan cikinta zai duba ba za ta ambaci inda ke mata ciwo kai tsaye ba. Za ta ce sanyi ne, ko basir, ko shawara. Sai an ce mata "Sannu Baba, ya jikin?" an bar ta ta kewaya, sannan gaskiyar ta fito. Wanda aka daka wa tsawa ba zai faɗi cewa ya sha jiƙo ko an yi masa allura a kemis ba, sai likita ya rubuta magani a kan rabin labari. Gobe kuma kemis ɗin zai koma, don can ana sauraronsa, har bashi ana ba shi.

A ganina nan ne wasan ya yi wa mai kallo wayo. Kusan kullum Ellingham ne ke da gaskiya a ƙarshe, kuma idan abu ya ɓaci motar asibiti tana nan, babban asibitin Truro yana kusa. Shi ya sa rashin kunyarsa ke zama abin dariya.

Kawo labarin Birnin Gwari ka gani. Mutumin mazaɓar Magajin Gari yana da Babban Asibitin Jibrin Maigwari a kusa, amma na Randagi ko Kuyello sai ya nemi babur. Idan aka tura shi Kaduna, tafiyar sama da kilomita 100 ce, a hanyar da 'yan bindiga suka shafe shekaru suna tarewa kafin sulhun da aka yi da su a ƙarshen 2024. A ƙauyukan dajin nan, wanda ake kira likita sau da yawa malamin asibiti ne, shi ɗaya. Mai ɗauke da mace tana naƙuda cikin dare burinsa ya tarar da mutum a wurin, ko da mai faɗa ne.

Jamusawa sun yi nasu Doktor Martin, mutanen Sifen sun yi Doctor Mateo. Mu ma da muka yi Samanja a Kaduna da Daɗin Kowa a Arewa24 ba za mu rasa masu iyawa ba. Sai dai namu likitan ya fi dacewa ya zama ɗan bautar ƙasa da ba ya jin Hausa, mai ba da kati yana masa tafinta, yana rage zafin maganar tasa kafin ta isa kunnen Baba.