Mudun Sauti: Yadda Masana Suka Raɗa wa Ƙananan Muryoyi Suna

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maradi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ya san cewa mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. To, jama'a, haka abin yake a fagen kiɗa da waƙa. Masana sun shafe ɗaruruwan shekaru suna neman mudun da za a riƙa auna tazarar da ke tsakanin sauti da sauti.

Turawa sun raba hawan murya, daga sauti zuwa takwaransa na sama, gida 12 daidai, kuma a kan haka aka ƙera fiyano. A 1885 wani masani ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya fito da ma'aunin da ake kira sent: kowane gida sent 100 ne, hawan gaba ɗaya kuwa 1,200. Da wannan ma'auni ake auna tazarar da ba ta kai gida ɗaya ba. Wata daga cikinsu ita ce komar Fisagoras, wadda ta kai kusan sent 23 da rabi, aka kuma laƙaba mata sunan masanin lissafin nan na Girka.

Amma fa ba kowace al'umma ce ta bi gida 12 ba. Mutanen Indiya suna lissafa gida 22 da suke kira shuruti. Turkawa sun raba hawan zuwa koma 53, cikakken mataki ɗaya koma 9, suna kiran tazarar koma 4 bakiye, ta koma 9 kuma tanini. Larabawa kuwa suna maganar rubu'in mataki, wato gida 24, tsarin da Mikha'il Mishaƙa ɗan Labanan ya yi wa bayani a ƙarni na 19.

A 1932 Sarki Fu'ad na Masar ya kira babban taron masana kiɗa a Alƙahira. An tafka muhawara kan ko za a tsayar da gida 24 daidai wa daida, aka tashi ba a cimma matsaya ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne makaɗa suna bin kunnensu ne, kuma sauti ɗaya kamar sika, Baturke yakan ɗaga shi fiye da Bamisire.

To, ina ruwanmu? Idan ka saurari ƙira'ar marigayi Sheikh Abdulbasiɗ Abdussamad, za ka ji salo irin su bayati da saba da rast, waɗanda daɗinsu ya dogara ga ƙananan muryoyin da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano. Haka ma goge, tunda ba shi da alamar da ke tsayar da yatsa, mai goge yana iya zamewa tsakanin muryoyi yadda ya ga dama. Mai kalangu shi ma da matse tsirkiya yake lanƙwasa sauti.

Damuwar ita ce yawancin waƙoƙin zamani da fiyano ake haɗa su, kuma na'urar gyaran murya a kwamfuta takan ja muryar mawaƙi zuwa gida 12. Akwai fiyanon da aka ƙera domin ƙasashen Larabawa mai maɓallin rubu'i. Masu situdiyo da ke son adana zaƙin goge da muryar gargajiya ya dace su nemi irinsa, su kuma rage dogaro da na'urar gyara.