Iyayen da suka ƙi ɓoye ƴaƴansu

Ƴan uwa mata, kusan kowace unguwa tana da yaron da maganarsa ta yi jinkiri, ko fahimtarsa ba ta kai ta tsararrakinsa ba. Wani ana kulle shi a ɗaka in baƙi sun zo. To, ku ji yadda wasu iyaye suka yi a Amurka.

A can ma, shekarun 1940, in aka haifi irin wannan yaro, shawarar likita ita ce a kai shi gidan ajiya na gwamnati, a manta da shi. Makarantu ba sa karɓarsa. A 1948 wata uwa a birnin New York, Ann Greenberg, ta sa ƴar sanarwa a jarida tana neman iyaye masu yara irin nata, su haɗu su buɗe musu aji. Kaɗan ne suka amsa da farko, daga baya suka yi yawa.

Ashe a wasu garuruwan ma iyaye na ta haɗuwa. Kuɗi daga aljihunsu, aji kuma ɗakin aro ne, sau da yawa a coci. A 1950 wakilansu suka taru a garin Minneapolis suka kafa ƙungiya guda ta ƙasa, wadda yau ake kira The Arc.

Babban aikinsu a kan makaranta suka yi shi. A 1971 reshen jihar Pennsylvania ya kai gwamnatin jihar ƙara: da wace hujja za a hana ɗan ƙasa karatu don ƙwaƙwalwarsa na tafiya a hankali? Jihar ta sauko, ta yarda ta karɓi yaran. A 1975 majalisar ƙasa ta yi doka, kowane yaro mai naƙasa yana da haƙƙin karatu kyauta. Lokacin, yara wajen miliyan ɗaya ne ke waje. Shekara 25 kenan da kafa ƙungiyar, kuma yaran iyayen farko sun riga sun wuce shekarun makaranta. Don ƴaƴan wasu suka yi wahalar.

Gidajen ajiyar kuwa, Allah sarki. A 1972 talabijin ta nuna cikin wani mai suna Willowbrook: dubban mutane cunkushe cikin ƙazanta, wasu ba ko tufa. Sai 1987 aka rufe shi.

Har sunan ƙungiyar sai da ya sake. Tsohon sunan yana da wata kalma da ta koma zagi, kamar yadda ake jefa "dolo" a nan. Masu lalurar da kansu suka ce ba sa so, a 1992 aka cire ta.

Yau ƙungiyar tana da rassa ɗaruruwa. Cikin abin da take fama da shi akwai tambayar tsofaffin iyaye masu riƙe da ɗa mai shekara 40 ko 50 a gida: in sun rasu, wa zai karɓe shi, kuma da wane kuɗi?