Gandu Ɗaya, Rumbu Ɗaya: Me Ya Sa Jerin Ayyukan Kwamfuta Ke Tsorata Mutane?

A shagunan caji da na gyaran waya, daga Gusau zuwa Mada da Ruwan Bore, har Tsafe da Bungudu, da zarar waya ta yi nauyi hukunci ɗaya ake yanke mata: abubuwa sun yi yawa a ciki, ko bairos ya shiga, sai an share ko a yi mata filashin. Yanzu da matasa ke koyon Linux, wasu a manyan makarantu, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wannan tsoro ya bi su har kan baƙin allon da ake rubuta umarni. Ɗalibi zai buga htop, umarnin da ke jero ayyukan kwamfuta, ya ga sunan manhaja ɗaya ya jeru layi talatin, kowane layi da nasa adadin RAM, sai hankalinsa ya tashi ya kama kashewa.

Abin da yake gani ba manhaja talatin ba ce. Manhaja ɗaya ce da ta raba aikinta gida-gida, kowane kashi ana kiransa zare. A manhajar shiga intanet, wani zaren yana jiran saƙo daga waje, wani yana zana shafi, wani yana sauraren abin da aka danna. Dukansu a wuri ɗaya suke ɗiba suna ajiyewa.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gandu. Uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, wani na huɗa, wani na shuka, wani na kora shanu, amma hatsin rumbu ɗaya yake shiga. A ce mai ƙidaya ya zo ya tambayi kowane ɗa damin gero nawa gare su, kowa ya ce ɗari. Idan ya rubuta ɗari a gaban suna goma ya tara, zai koma birni da labarin dami dubu, alhali ɗari ne kacal. Haka htop ke yi: yana maimaita RAM ɗin manhajar gaba ɗaya a gaban kowane zare. Manhajar da ta riƙe megabait 200, in tana da zare 30, mai tarawa zai samu 6,000, a kwamfutar da duk abin da ta mallaka bai wuce gigabait 4 ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna lissafin ba daidai ba ne. Kuma wanda ya ce zai kashe layi ɗaya ya rage nauyi, gidan duka yake rushewa, domin umarnin kisa kan manhajar baki ɗaya yake faɗawa, har da aikin da ba a adana ba.

Ruɗanin yana da asali. A shekarun 1990, tsarin LinuxThreads na Xavier Leroy yana ba kowane zare lambar shaida tamkar manhaja mai zaman kanta, don haka umarnin ps yakan jero su barkatai. Sai da Ulrich Drepper da Ingo Molnar suka kawo NPTL, wanda ya kankama da Linux 2.6 a ƙarshen 2003, aka haɗa zaruruwan manhaja ɗaya ƙarƙashin lamba ɗaya. Tun daga nan ps da top suke nuna manhaja a layi guda, sai in ka nemi ƙari: ps -eLf zai fito da kowane zare tare da ginshiƙin NLWP mai faɗin yawansu, top -H ma zai jero zaruruwan. Shi kuwa htop, wanda Hisham Muhammad ɗan Brazil ya fara a 2004, ya zaɓi ya baje su tun farko. Danna babban harafin H, layukan su naɗe su koma ɗaya. Danna F5, ka ga wa ya haifi wa.

A ganina gyara na farko yana wuyan masu rubuta waɗannan kayan aiki. Allon da aka fara buɗewa ya kamata ya nuna manhaja, ya faɗi yawan zarenta a gefe, ya bar mai bincike ya buɗe da kansa. In an buɗe, kada a maimaita adadin RAM a layin zare. Abin da ya bambanta su shi ne ƙarfin injin da kowanne ke ci, da sunansa. Sunan ma Linux harafi 15 kawai ya ba shi, don haka ya dace masu manhaja su zaɓi mai ma'ana.

Gyara na biyu namu ne. Android ma kan Linux aka gina ta, kuma da gangan take barin manhajoji kwance a RAM don su buɗe da sauri. Kashe su yana tilasta musu tashi daga farko, batir ya ƙara zuba, a wurin da caji kuɗi ne ake biya. Tun daga Android 14 a 2023, Google ya hana manhaja kashe ayyukan wata manhajar da ke bayan fage. Amma har gobe ana ɗura wa mutane manhajojin shara masu cike da talla, a karɓi kuɗinsu.

Malaman da ke koyar da kwamfuta su daina tsayawa kan haddar umarni. Ɗalibin da ya iya buga ps bai iya karanta abin da ya fito ba, shi ne gobe zai buɗe shago ya goge wa manomi lambobin dillalansa da hotunan iyalinsa a kan cutar da babu ita. Kafin a ba shi izinin kashe komai, a koya masa ya duba lambar manhaja, ya duba yawan zarenta, ya duba wanne ne ke cin injin da gaske.