Tare Hanyar Ƙwayoyin Garkuwar Jiki Domin Kare Jijiyoyi

Cutar da likitoci ke kira MS na aukuwa ne idan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne kare jiki, suka tsallaka daga magudanar jini zuwa ƙwaƙwalwa da laka, suka farma mayalin, wato rufin kitsen da ke lulluɓe jijiyoyi, har saƙonni su riƙa tsinkewa, gani ya dushe, gaɓoɓi su yi rauni.

Kafin ƙwayar ta tsallaka, sai wani sinadari da ke bayanta mai suna integirin ya manne da bangon magudanar jinin. A 1992 masu bincike a Amurka suka nuna cewa toshe wannan sinadari yana hana shanyewar gaɓoɓi ga ɓeraye, binciken da ya haifar da maganin natalizumab a 2004. An janye shi a 2005, domin hana waɗannan fararen ƙwayoyin jini masu gadin jiki shiga ya ba ƙwayar cutar JC damar lalata ƙwaƙwalwar wasu majinyata, sannan aka dawo da shi a 2006 bisa tsauraran sharuɗɗa. Maganin fingolimod na 2010 kuwa yana tsare fararen ƙwayoyin jinin ne cikin kaluluwa, ta hanyar rufe kunnensu ga siginar da ke kiransu su fito.

Ko da yake MS ba ta yawaita a Afirka ta Yamma ba, ya wajaba mazauna Zurgu, Rano da Kibiya da suka ga dushewar gani ko raunin ƙafafu su nemi likitan jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wuri, tun da waɗannan magunguna suna rage sabon hari ne, ba sa gyara jijiyar da ta riga ta lalace.